Hure Mai Ƙuli da Harshen Aro

Larai tana tsugunne a bayan ɗaki tana warware igiyar akuyarta da ta nannaɗe turke, hantsi bai gama ɗagawa ba, sai ta ji an faɗo gidan babu sallama. Huseina ce, surukar aminiyarta Hure, mayafi a hannu, tana haki.

"Inna Larai, ki zo. Inna ta cika."

"Wace Innar?"

Huseina ta toshe bakinta da mayafin. Larai ta yi salati, ta ce daga Allah muke, gare shi za mu koma, ta sake maimaitawa, amma hannunta bai saki igiyar ba sai da ta warware ta tas. Ta shiga ɗaki ɗauko hijabi, ta fito da tsintsiya. Ta koma, ta fito, ta tsaya tana neman takalmin da ke ƙafarta. Gona uku ce tsakanin gidanta da na Hure, hanyar da ta yi shekara arba'in tana bi, amma ran nan sai da Huseina ta riƙo hannunta ta juyo da ita, don ta miƙe ta nufi rijiya.

Kafin azahar aka kai Hure makwancinta. Mata suka cika tsakar gida, aka shimfiɗa wa Larai tabarma a inuwa, ana ta ba ta haƙuri. Zaman ya gagare ta. Ta zauna, ta tashi, ta leƙa madafi, ta gyara duwatsun murhun da ba a hura ba, ta dawo. Wata tsohuwa ta dube ta ta ce, "Ikon Allah. Hure ta tafi ta bar miki rashin zamanta."

Duk wanda ya san Hure ya san abin da tsohuwar ke nufi. A Unguwar Gawo aka haife ta, ɗan ƙauyen nan na gefen Tsanyawa, inda gona ke manne da gona, ba ka barin wani gida sai ka hango wani. Damina ɗaya aka haife su ita da Larai, yau shekara sittin da 'yan kai. Tun tana ƙarama ba a san ta da zama ba. In ba a tsawata mata ba a tsaye take cin tuwo. Mijinta Mani, manomi mai sanyin hali, yakan ce shi dai guguwa ya auro ya sa a ɗaki. 'Ya'ya uku ta haifa masa. Na farin shi ne Badaru, mijin Huseina, wanda ke koyar da Turanci a firamare, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa ambatar sunansa ba saboda kunyar ɗan fari. Malamin boko take ce masa. Da Mani ya rasu, shekara goma sha huɗu ke nan, ta yi takabarta cikin ɗaki, amma ko a nan sai da ta ɓare gyaɗa buhu biyu da hannu.

Gyaɗa ita ce rayuwarta. A wurin gwaggonta ta koyi yin mai da ƙuli-ƙuli: a soya gyaɗa a kasko cikin yashi, a murje, a bakace, a kai inji, a dawo a tuƙa a turmi ana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso, a matse tunkuza, a murza ta a soya. Mata da yawa sun iya wannan. Abin da ya bambanta Hure a wurin suyar farko yake. Takan ce akwai wani ɗan lokaci, bai fi a karanta Fatiha ba, tsakanin ɗanyen gyaɗa da ƙonanniya, kuma a cikinsa garɗi yake zaune. Wanda ya sauke kafin nan ya yi asarar itace, wanda ya wuce ya yi asarar gyaɗa. Da harshenta take kama lokacin, ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, tana hura yatsu. Har ta kai a kasuwar Tsanyawa ba a cewa ƙulin Hure, sai dai a ce a ba ni mai garɗin nan.

Shekara biyu da suka wuce wani zazzaɓi ya zagaya ƙauyen, da mura da tari. Ya kwantar da Hure kwana tara, ta tashi ta koma bakin kasko kamar ba a yi ba. Ba wanda ya lura da komai sai ranar wata kasuwa, Larai tana gefenta da tallar daddawarta, Sama'ilu mai tsire ya zo. Shekara da shekaru da ƙulin Hure yake haɗa yajin tsirensa a bakin tasha.

"Inna Hure, wa ya ɓata miki rai makon jiya? Ƙulin nan ɗaci kamar maɗaci. Wani direba ya ci tsirena ya tambaye ni ko da garwashin na daka yajin."

"Direba? Mutumin da bakinsa ya jiƙu da goro da hayaƙin mota, shi zai gaya mini ɗaci?"

"To ai ni ma na ɗanɗana, Inna."

"Kai kuma wuta ta riga ta gasa naka bakin tare da naman."

'Yan kasuwa suka yi dariya, Sama'ilu ma ya yi, ya ɗauki na ranar ya tafi. A bas ɗin komawa Hure ba ta ce uffan ba, ita da ba ta barin kwandasta ya huta. Da suka sauka a mararraba suka shiga tsakanin gonaki, Hure ta tsaya ƙarƙashin wata darbejiya, ta tsinko ganye cike da hannu, ta zuba a baki. Ta tauna, ta tauna, ta haɗiye, fuskarta ko motsi ba ta yi ba.

"Kin gani? Larai, bakina ya mutu ya bar ni. Tun zazzaɓin nan. Tuwo da ƙasa duk ɗaya ne a wurina. Hancin ma ya bi shi."

Larai ta dafe ƙirji. "Kin gaya wa Badaru?"

"In gaya masa ya kife mini kasko? Dama hanya yake nema. Inna ki huta, Inna ki zauna, Inna me kika rasa. Ranar da suka zaunar da ni, ranar ku fara haƙa mini rami."

"Ki daina irin wannan magana. Ai idonki yana gani."

"Ido ya san kima, bai san garɗi ba. Ɓawo yakan yi duhu ciki yana ɗanye, yakan yi fari ciki ya wuce." Ta share bakinta da gefen zane. "Aron bakinki nake so."

Da a ce Hure ta zagaya Unguwar Gawo gida gida tana neman bakin da ya fi rashin dacewa da wannan aiki, da a kan na Larai za ta tsaya. Larai mace ce da ba ta taɓa kushe abinci ba. Miya ta yi tsami, ta ce alhamdu lillahi. Tuwo ya yi gudaji, ta ce ya fi riƙe ciki. Haƙoran taunarta ma gefe guda suka rage. Amma ita kaɗai ce za a gaya wa irin wannan magana ta kwana a cikinta. Sun je asibiti a ɓoye sau ɗaya, aka ce musu abin yakan dawo, yakan kuma ƙi. Bai dawo ba.

Daga ranar, duk suyar gyaɗa Larai tana tsugunne a gefen murhu, Hure tana juya yashi da sakaina tana miƙo mata ƙwaya.

"Yaya?"

"Da daɗi."

"Yanzu fa na zuba ta, baiwar Allah! Ko zafi ba ta ɗauka ba!"

"To ai da daɗin."

"Daɗi hula ce, kowane kai tana shiga. Ruwan randa ma da daɗi. Barci ma da daɗi. Ni garɗi na tambaye ki."

"Zaƙi-zaƙin nan kike nufi?"

"Rake na ce miki ina soyawa? Saurara. Garɗi ba ya tsayawa a kan harshe. Sai kin tauna, kin haɗiye, kin ɗauka an gama, sannan ya taso ta bayan maƙogwaro ya fito ta hanci. Sai ki ga hannunki ya koma faifai ba ki aike shi ba."

"Ni hannuna kullum yana komawa."

"Allah ya haɗa ni da aiki," in ji Hure.

Abin da take ji tun tana 'yar shekara goma ba tare da ta taɓa buƙatar faɗarsa ba, yanzu shi take nema wa kalmomi, kuma kalmomin suna ƙin zuwa. Ta ce kamar nonon da aka tatso da safe. Ta ce kamar ƙanzon da bai ƙone ba. Ta sa Larai cin ƙonanniya da gangan don ta san inda iyaka take, Larai ta tauna ta ce ita ma ba laifi, Hure ta jefe ta da sakaina. Mutanen gidan kuwa sun ɗauka kwaɗayi ne ke kawo Larai bakin murhu. Huseina takan yi murmushi ta ce Inna Larai ba ta wuce ranar suya. Maganar ta fita har rijiya, aka riƙa yi mata shaguɓe. Shekara biyu Larai tana amsa sunan makwaɗaiciya, ba ta taɓa buɗe baki ta wanke kanta ba.

Wani mako a dace, wani mako a kuskure. Sama'ilu ya daina tsokana, wanda ya fi tsokanar ciwo. Aka ji yana karɓar rabin ƙulinsa daga wata mata a Bici. A kasuwa aka fara cewa Hure ta tsufa, a hankali dai, yadda za ta ji. Sai ta ƙara rashin zama: ta soya, ta zubar wa kaji, ta sake sabuwa, ta tashi Larai daga hutun rana ta ce a gwada kwano guda.

Ana cikin haka, tsakiyar daminar bana, Badaru ya shigo da murna da waya a hannu. Wani mai shago kusa da kwalejin Bici yana son ƙulin a leda, da takarda a jiki, don ɗalibai sun fi sayen abin da aka yi wa rubutu, musamman da ɗan Turanci. Larai tana nan, Huseina tana tankaɗe.

"Inna, na samo kalmar da za a sa. Luscious."

"Me?"

"La-shas."

"A lashe? To ai sun yi gaskiya. Har kwanon ake lashewa."

Huseina ta kifa kai a kan rariya tana dariya.

"Ba lasa ba ce, Inna, ba ta haɗa komai da Hausa ba. Abin da ya cika baki ake nufi, mai zaƙi, mai ruwa-ruwa, kamar nunannen mangwaro. Masana sun ce wataƙila daga delicious aka gutsuro ta tun shekaru ɗaruruwa. Aka yar da kan kalmar, bakin mutane ya murɗe sauran."

"Wato ɓera ya ci kanta, kai kuma ka kwaso mini ragowar. Malamin boko, ƙulina mangwaro ne? Ƙulin da ya yi ruwa-ruwa ai akuya ake ba. Su Turawan ba su da garɗi ne?"

Badaru ya yi ta shafa wayar da yatsa. Ya karanto wata, ta ce wannan ta nama ce. Ya karanto wata, ta ce wannan ta alewa ce.

"Shekara uku ka yi a Bici ina aika maka ƙuli, ashe ba a kai ku darasin garɗi ba."

"Shi ke nan, Inna, kin ci. A bar Turancin. A rubuta sunanki da manyan baƙaƙe, a ƙasa a sa mai garɗi."

Dariyar ta tsaya a fuskar Hure. Ta ce masa ya dakata sai sabuwar gyaɗa ta shigo. Da ta rako Larai bakin gona ta riƙe mata hannu har ya yi zafi.

"Kin ji? Za a buga sunana, a rubuta garɗi a ƙasa, ɗan mutane ya yage leda ya ci gawayi. Maganar baki iska ce ke kwashe ta. Takarda fa?"

"To ki gaya masa gaskiya mana."

"Ke dai ki gyara bakinki. Kaka ta kusa."

Kaka ta zo, aka cire gyaɗa. Hure ta shiga gona tsinka duk da an hana ta, ta dawo ƙafafunta sun kumbura, numfashinta yana sama sama. Ta ce gajiya ce. Ranar da za a soya sabuwar gyaɗa, wato jajibirin rasuwarta, ta zo tsugunnawa bakin murhu ta kasa. Karo na farko a rayuwarta ta miƙa wa wani sakainarta. Aka shimfiɗa mata tabarma a ƙofar madafi, ta kishingiɗa, amma bakinta bai kishingiɗa ba: rage wuta, ƙara wuta, juya daga gefe, ke haka ake riƙe sakaina?

Larai tana juyawa tana ɗanɗanawa. Can Hure ta ɗago kai ta leƙa kaskon.

"Sauke!"

Larai ta tauna wata. "Bai yi ba."

"Na ce ki sauke, ɓawon ya yi duhu!"

"Sabuwa ce, da sauran danshi a cikinta."

"Ke za ki koya mini gyaɗa? Larai, za ki ƙona mini kwano huɗu!"

"Bakina kika ara. Ki bar shi ya yi aikinsa."

Hure ta yunƙura za ta tashi, ƙafar ta ƙi. Larai ta ɗauki wata ƙwaya, ta hura, ta tauna da gefenta mai haƙora. Ba komai. Ta ɗauki wata, gumi yana shiga idonta, ta san in ta kuskure yau ba ta da wanda za ta ɗora wa. A ta uku ta haɗiye, ta kai hannu za ta ci gaba da juyawa, sai abin ya taso mata daga can ciki, mai ɗumi, mai nauyi, ya cika mata hanci. Ta sa tsumma ta sauke kaskon, ta juye a ƙasa.

Badaru ya kai niƙa a babur. Larai da Huseina suka tuƙa, suka matse, suka soya, Hure tana ta ba da umarni daga tabarma. Bayan la'asar ta sa aka kira Sama'ilu a waya, ta ce a kama ta a kai ta ƙofar zaure. Aka miƙa masa faifai. Ya ɗauki ɗaya don ladabi kawai, ya gatsa. Ya ɗauki na biyu, ya ɗauki na uku.

"Kai, a saya kake ko a sadaka?" in ji Hure.

"Inna Hure, wallahi kin dawo."

Larai ta sunkuyar da kai, tana jiran Hure ta amshe yabon ta ƙara da gori, don abin da suka yi shekara biyu suna nema ke nan. Sai ta ji Hure ta ɗaga murya yadda na cikin gida za su ji.

"Ban je ko'ina ba balle in dawo. Shekara biyu ke nan ban san ɗanɗanon gishiri ba. Wannan da kake ci, bakin Larai ne ya kama shi, ni har cewa na yi ta sauke tun bai yi ba. Kuma duk wadda ta ce mata makwaɗaiciya ta zo ta nemi gafararta."

Huseina ta leƙo daga bayan ƙyaure, hannu a baki. Badaru ya durƙusa gaban uwarsa.

"Inna, shekara biyu? Kina gidan nan?"

"Da na faɗa da ka kife kaskon."

"Ba zan taɓa shi ba, Inna."

"To je ka buga takardarka. Ka sa sunanta kusa da nawa, baƙaƙen su zama tsawo ɗaya, ina da mai karanta mini."

Rana ta yi ja Larai ta yafa hijabi za ta tafi. Hure ta ce sai ta raka ta, aka hana, ta ce to ko zuwa bakin danga. Ta dafa kafaɗar Larai suka taka a hankali har inda dawa ta fara. Nan ta tsaya tana mayar da numfashi.

"Larai, gaya mini yadda ya yi."

"Ai kin ji Sama'ilu."

"Sama'ilu ciniki yake. Ke nake tambaya."

Larai ta juyo ta dube ta.

"Kin tuna gyaɗar gonar Baba Habibullah, da muka tone muna yara muka gasa da kara a bayan kuka?"

"Wadda aka zane mu a kanta?"

"Ita. To kamar ita."

Hure ta lumshe ido, bakinta yana ɗan motsi kamar mai tauna.

"Lallai ta yi," ta ce. "Amma ke kika tone. Ni gadi kawai na yi."

"Ƙarya kike, Hure. Har a zanenki aka sami ɓawon."

"Je ki, makwaɗaiciya, kar magariba ta same ki a gona."

"Allah ya ba ki lafiya."

"Amin. Ki gaida gida."